Ɓauren da Aka Rubuta Gora

Zuwa ga:
Mai Girma Misis Lorraine Vandermeer,
Shugabar Sashen Tabbatar da Bin Doka,
Hukumar Garin Marlow Cove,
Jihar New York.

Daga:
Filomena Scarpati,
Gida mai lamba 58, Titin Quimby,
Marlow Cove.

Litinin, 13 ga Janairu, 2025.

Game da: Takardar umarni mai lamba G-417, wadda ta mayar da itacen ɓauren mahaifina gora, ta kuma yanke masa hukuncin tonewa ranar 3 ga Fabrairu.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da matsayinki, da fatan kin shiga sabuwar shekara lafiya. Ni ce mai suna a sama, shekaruna saba'in da huɗu, a gidan nan na girma, kuma a cikinsa nake sa ran a zo a ɗauke ni. Na yi shekara talatin da ɗaya ina buga takardu a kotun gunduma, saboda haka na san yadda ake rubuta wa hukuma wasiƙa ba tare da an zagi kowa ba, kuma zan yi iyakar ƙoƙarina.

A bayan gidana akwai itacen ɓaure guda ɗaya. Mahaifina, marigayi Gaetano Scarpati, shi ya taho da reshensa daga ƙauyensu na Italiya, ya dasa shi a 1958, shekarar da ya sayi gidan. Sashenki ya rubuta itacen nan a matsayin gora, ya kuma sanar da ni cewa ranar Litinin 3 ga Fabrairu, da ƙarfe takwas na safe, katafila za ta shigo ta tone shi har zurfin ƙafa uku. Ban zo maganar tara ba, ban zo maganar kuɗin tonon ba. Itacen nake roƙo a bar mini, kuma ga ƙorafe-ƙorafena ɗaya bayan ɗaya.

1. Ranar Talata 10 ga Disamba, da misalin ƙarfe goma da rabi na safe, jami'inki Mista Cody Pruitt ya zo gidana da tef ɗin awo da 'yar kwamfutarsa ta hannu. Ya gaishe ni da ladabi, ba zan ci amanarsa a nan ba. Na kai shi bayan gida, ya tsaya gaban itacen ya daɗe yana kallo. Dole in yi bayanin abin da ya gani, ko da yake na ɗauka duk wanda ya taɓa wucewa ta unguwarmu da hunturu ya san shi. Ɓaure ba ya jure sanyin nan namu. Saboda haka kowace shekara, da zarar an gama cin talo-talon bikin godiya na Nuwamba, sai a tattara rassansa a ɗaure, a kafa sanduna kewaye da shi, a cusa busasshen ganye a tsakani, a naɗe shi da tsohon kafet, a rufa tamfol, a kifa masa bokiti a ka don kada ruwa ya shiga. Haka zai tsaya har tsakiyar Afrilu. Mahaifina ya yi haka shekara talatin da tara, ni kuma na karɓa daga hannunsa.

Sandunan da nake kafawa na gora ne, ban musa ba. Guda shida ne, busassu ƙayau, na saye su a shagon kayan lambu a 1998, har yanzu ɗaya na ɗauke da takardar farashinta. Kawunansu ne suka ɗan leƙo ta ƙarƙashin bokitin, su Mista Pruitt ya gani. Ya ce mini, “Madam, wannan ai gora ce.” Na ce, “Ɗana, sanda ce. Abin da ke ciki ɓaure ne.” Ya yi murmushi irin na wanda ya saba jin ƙaryar tsofaffi, ya ce, “Kowa da abin da yake cewa, Madam. Makon jiya wani cewa ya yi tasa rake ce.” Na tambaye shi daga ina ya zo, ya ce daga Arizona, can jihar zafi, watansa huɗu a garin nan. Ban ga laifinsa da bai taɓa ganin itace sanye da kafet ba. Laifinsa da na gani shi ne bai tambayi kowa ba.

2. Na nemi Dokar Gari Lamba 9 ta 2021 na karanta ta daga farko har ƙarshe, sau biyu, abin da nake shakkar ko waɗanda suka sa mata hannu sun yi. Dokar ta hana irin gorar da ta kira “mai gudu,” wato wadda saiwarta ke bi ta ƙarƙashin ƙasa ta ɓullo a gidan maƙwabci. Ta ce kada a same ta kusa da iyakar gida da ƙasa da ƙafa goma. Mista Pruitt ya auna ya samu ƙafa huɗu, kuma awonsa daidai ne. Sai dai ina sanar da Mai Girma, bisa rantsuwa in ana so, cewa a cikin shekara ashirin da shida sandunan nan ba su taɓa gudu zuwa ko'ina ba. Inda na soke su a Nuwamba nan nake samunsu a Afrilu. Da bazara a gareji suke kwana, jingine da bango, kuma ban taɓa kama ɗaya tana ƙoƙarin fita ba.

3. A sakin layi na biyu na takardar G-417 an rubuta cewa na “ɓoye haramtaccen tsiro da gangan a ƙarƙashin kafet domin kauce wa bincike.” Ranki ya daɗe, na sha buga kalmar “da gangan” a kan ɓarayi da masu kisan kai, ban taɓa tsammanin zan gan ta kusa da sunana ba, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Ina so a lura cewa kafet ɗin ja ne mai furanni ruwan ɗorawa, tamfol ɗin shuɗi, bokitin kuma ruwan lemo. Tsayin abin ƙafa takwas ne. Direban motar makaranta da shi yake yi wa iyayen yara kwatancen inda zai tsaya. In har ɓoyewa na yi niyya, to a rubuta cewa ban iya ba.

4. Ranar Talata 17 ga Disamba na je ofishinki da hujjoji. Na tarar da Misis Noreen Tierney a teburin karɓar baƙi, wadda coci ɗaya muke zuwa tun muna 'yan mata. Na miƙa mata hotuna goma sha ɗaya na itacen, cike da ganye da 'ya'ya, har da wanda mahaifina ke tsaye a gindinsa sanye da singileti. Ta shiga da su ciki, ta dawo ta ce an ce hotunan sun tabbatar da cewa an taɓa yin ɓaure a wurin, amma ba su tabbatar da cewa shi ne a cikin kafet ɗin yanzu ba. Wato hukuma na ganin mai yiwuwa na tone itacen ubana, na dasa gora a gurbinsa, sannan na tufatar da ita.

Sai na fito da kwalba ɗaya ta ɓauren da na dafa da sukari a watan Satumba, na ce a ɗanɗana. Nan take aka kira wani mai ɗaure da laktaye, wanda bai faɗi sunansa ba, ya ce abin da na yi zai iya zama yunƙurin ba ma'aikaci toshiyar baki. Aka ba ni fom mai shafi uku na bayyana kyauta, na cike, aka karɓe kwalbar a matsayin shaida. Har yau ba a dawo mini da ita ba, kuma ina da dalilin zaton cewa shaidar ta ragu.

Da zan fita Noreen ta biyo ni bakin ƙofa, ta rage murya ta ce, “Haba Filomena, wa za ki gaya wa? Ni fa na san ɓaure ne, na ci ya fi sau ɗari. Amma kwamfuta ba ta ci ba. Tunda yaron nan ya danna gora, wallahi sai dai wani babba ya goge.” Ina roƙon kada a hukunta ta a kan wannan magana. Ita kaɗai ce ta gaya mini gaskiya a ginin nan.

5. Na tambayi hanyar da doka ta tanada don gyara irin wannan kuskure. Na ce a turo Mista Pruitt in ɗaga masa gefen kafet ɗin, ya sa hannu ya shafa, minti biyu sun isa. Aka ce Mista Pruitt yana da ikon rubuta cewa abu gora ne, amma ba shi da ikon rubuta cewa ba gora ba ne. Wannan aikin masanin itatuwa ne, wanda hukuma ke ɗaukowa daga wani gari. Ƙa'idarsa ita ce in kware itacen gaba ɗaya, in aika hoto a ga na kware, in bar shi haka, shi kuma zai zo “cikin kwanakin aiki goma.” Ba a sa rana, ba a sa lokaci, kuma in ya zo ya tarar na mayar da rufin, an soke ziyarar.

Ranki ya daɗe, kin fito daga gida yau da safe, kin ji abin da na ji. Ruwan da na zuba wa tsuntsaye jiya ya zama dutse. Ɓauren da ya yi wata ɗaya da rabi a lulluɓe, in aka tsiraita shi a wannan sanyi, kwana biyu sun isa su ƙone rassansa, mako biyu kuwa har gindin ba na ba shi tabbas. Itacen ya tsufa, shekarunsa sittin da bakwai, ba zai sake tohowa daga ƙasa kamar yadda ƙanana ke yi ba.

Ban tsaya nan ba, na buga wa ofishin masanin waya ranar 6 ga Janairu, na tambayi yadda yake gane itace. Sakatariyarsa ta ce da ganye. Na ce mata ɓaure ba ya da ganye a Janairu, gora kuwa tana da shi duk shekara, saboda haka rashin ganyen kansa hujja ce. Ta ce, “Ayya Madam, na gane, amma in babu ganye sai dai ya rubuta ‘ba a tantance ba.’” Na ce, in an rubuta haka sai me? Ta ce sai rubutun farko ya tsaya. Wato in kashe itacen da hannuna don in nuna ko wane ne shi, sannan a ce ba a gane shi ba, sannan katafila ta zo ta kwashe gawar.

6. Ba halina ba ne kai ƙarar maƙwabci, amma tunda an taɓo ni zan faɗi abin da Mista Pruitt ya juya wa baya lokacin da yake auna sandunana. A bayansa, tsallaken shinge, akwai gorar Mista Graham Halvorsen na gida mai lamba 60. Tsayinta ya kai ƙafa talatin, kore shar, tana kaɗawa tana zubo masa ganye a hula yana kakkaɓewa. Wannan ita ce mai gudun, kuma ta iya gudu. Duk watan Mayu sai ta ɓullo a fangalin tumatirina, ta tsaga daɓen garejina gida biyu, bara har ta leƙo ta gefen matakalar kicin. Shekara goma sha tara ina durƙusawa da gwiwoyin nan nawa ina sare ta, ban taɓa rubuta wa kowa takarda ba, don mahaifina bai koya mana haka ba.

Na nuna wa Mista Pruitt ita. Ya duba kwamfutarsa ya ce wannan tana da takardar yafiya, domin dokar ta yafe wa duk gorar da ta girme ta. Na ce to sandunana ma sun girmi dokar da shekara ashirin da uku. Ya ce yafiyar ta wadda aka yi wa rajista ce kafin ƙarshen 2021. Ina neman afuwar hukuma da ban yi wa sanduna rajista ba. Ina kuma neman a sanar da ni ko akwai sauran kayan gareji da ya kamata in kawo, don akwai tsintsiya mai kama da wadda za ta iya jawo magana.

An ce mini wanda ya kawo ƙarata bai bayyana sunansa ba, kuma doka ta kare shi. Ina girmama wannan. Zan dai ambata cewa ranar 30 ga Nuwamba, ina kan tsani ina kifa bokitin, Mista Halvorsen ya leƙo ta tagar benensa ya ce, “Filomena, wai har yaushe za ki daina tufatar da dodon nan? Baƙi na zuwa gidana, su leƙo su ga mashayi tsaye da bokiti a ka!” Na ce, “Graham, da kake cika kwando da 'ya'yansa a Agusta ban ji ka kira shi mashayi ba.” Ya ja tagarsa ya rufe. A kwafin ƙarar da aka ba ni, wanda ba a san ko wane ne ba ya bayyana abin da cewa “mai kama da mashayi sanye da bokiti.” Ban zargi kowa ba. Na kuma ji cewa za a sa gida mai lamba 60 a kasuwa da bazara, kuma mai ɗaukar hoto zai zo a watan Maris.

7. A ƙasan takardar G-417 an sanar da ni, cikin ƙananan haruffa, cewa ina da 'yancin ɗaukaka ƙara. Na gode da wannan 'yanci, kuma na yi amfani da shi ranar 19 ga Disamba. An amsa mini cewa kwamitin zai saurare ni a zamansa na gaba, ranar Talata 11 ga Maris, kuma ɗaukaka ƙara ba ta dakatar da aikin tono. Na lissafa, kwana talatin da shida ke nan bayan katafila ta zo ta tafi. Ina so a fahimtar da ni abin da kwamitin zai duba a ranar, ko zan kawo musu hoton ramin ne, ko su za su zo su leƙa.

Ranki ya daɗe, 'yata da ke Denver ta ce mini a waya, “Mama, don Allah ki bar su su tone, itace ne fa kawai. Zan aiko miki da sabo, har da tukunyarsa.” Ban yi mata faɗa ba, yarinya ce mai kirki, kuma tsoro take ji kada hawan jinina ya tashi. Amma ba ta nan a Nuwamban 1996. Mahaifina a lokacin ba ya iya tsayuwa, aka fito da shi a kujera an lulluɓe shi da bargo biyu, ya zauna yana ba ni umarni. Sau uku yana sa ni in kwance igiyar in sake ɗaurewa, yana cewa, “Ke, ba buhun dankali kike ɗaurewa ba. A hankali, yana ji.” Da na gama ya ce in matso da shi, ya dafa kafet ɗin ya ce, “Sai Afrilu.” Shi bai kai Afrilun ba, itacen ya kai. Mijina ya rasu, ƙannena biyu sun rasu, shagon burodin kan kwana ya zama wurin gyaran farce. A duk titin nan babu sauran mai rai da ya san muryar mahaifina sai ni da itacen nan. Ina jin tsoro, Ranki ya daɗe, kuma ba na jin kunyar rubuta haka a takardar hukuma.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, ina roƙon abubuwa kamar haka:

Na farko, a ɗage aikin tono daga 3 ga Fabrairu zuwa 15 ga Mayu. A lokacin ganye ya fito, kowane ɗaya ya fi tafin hannun Mista Pruitt faɗi, kuma masanin zai iya tantancewa daga cikin motarsa ba sai ya sauko ba.

Na biyu, a goge kalmar “da gangan” daga kusa da sunana.

Na uku, in har sandunan ne matsalar, a shirye nake in miƙa su ga hukuma ranar da na kware itacen, duka shida, a yi musu duk hukuncin da doka ta tanada.

In kuwa Mai Girma ta ga babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai yiwu, to ina sanar da ita abin da na yanke. Ba zan tsaya ina kallo ƙarfe ya shiga gindinsa yana a lulluɓe ba. Ranar Litinin 20 ga Janairu, in ban ji daga gare ki ba, zan hau tsani in sauke bokitin, in kwance igiyar, in bar shi tsaye a cikin sanyi kamar yadda ƙa'ida ta ce, in aika hoton, in zauna jiran masanin. Na san abin da zai biyo baya, na riga na faɗe shi a sama. Alfarma ɗaya nake nema a ranar: ki zo da kanki, ko ki turo wanda ke da ikon gogewa, ya dubi rassan da idonsa, ya buɗe fayil ɗin G-417 ya cire kalmar gora ya rubuta ɓaure. Mahaifina bai iya karatu ba, amma ya san sunan duk abin da ya dasa. In itacen nan zai mutu a hannuna, ya mutu da sunansa.

Ina fatan Mai Girma za ta dubi wannan koke da idon rahama, kuma ina neman gafara in alƙalamina ya zarce inda ya kamata ya tsaya. Allah ya ƙara miki lafiya da basirar aiki.

Taki cikin biyayya da girmamawa,

Filomena Scarpati
Gida mai lamba 58, Titin Quimby.